Ɗiyata ta samu 0, malaminta ya rubuta 24: wa ke da gaskiya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Tawa, albasa nake saye da sayarwa, karatun boko a CM2, ajin ƙarshe na firamare, na tsaya. Ɗiyata tana ajin 4e, aji na uku na kwaleji. An ba su aiki a aji: A = 3x² − 5x + 2, aka ce su faɗi abin da A zai zama idan x = −2. Ita ta samu 0, malaminsu ya ja mata jan bik ya rubuta 24. Ta zo gida tana kuka, wai ita yadda aka koya musu ta bi. Na ɗauki salulata na buga −2² kamar yadda ta nuna mini, sai ga −4, daidai da abin da yarinyar ta rubuta. To Malam, na'ura ma tana kuskure ne, ko malamin ne bai duba da kyau ba? Kuma yaya zan taimake ta a gida, ni da ban san wannan lissafi na haruffa ba?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri da ka zauna ka buɗe kayen ɗiyarka, har ka gwada lissafin da hannunka. Na daɗe ina koyar da lissafi a kwaleji a nan Yamai, kuma duk ranar da uba ya zo mini da irin wannan tambaya, hankalina yakan kwanta game da yaronsa.

Tambayarka gida biyu ce. Ga yarinya da salula a gefe guda, ga malami a ɗaya gefen, kana son sanin wa ya kauce. Sannan kana son sanin abin da uban da bai yi kwaleji ba zai iya yi a gida. Ta farkon amsarta gajera ce: 24 ne daidai, malamin bai zalunce ta ba. Salularka ma ba ta yi maka ƙarya ba. Abin da aka tambaye ta shi ta amsa, sai dai ba shi ne abin da takardar ta tambaya ba. A kan wannan ɗan bambanci nake ganin yara masu ƙoƙari suna zubar da maki kowace shekara.

Ban ga kayenta ba, amma na san hanyar da ke kai yaro ga 0 a wannan aiki. Ta ɗauki x² ta mai da shi −4, sai 3 sau −4 ya ba ta −12. Ta zo kan −5x ta samu +10. Ta ƙara 2. In ka haɗa −12 da 10 da 2, sifiri ne. Ka lura, aikin gaɓa uku ne, kuma biyu daga ciki ta yi su daidai. Gaɓar tsakiya ma, wadda ta fi kayar da yara, ta haye ta lafiya. Wannan shi ne abin da za ka fara gaya mata, tun kafin a zo maganar gyara.

Me harafi yake yi a cikin lissafi?

Ka ce ba ka san lissafin haruffa ba. Ni kuwa na ce kullum kana yin sa a bakin rumfarka. Mu nan da dala muke ciniki, amma a takarda sefa ake rubutawa. Dala ɗaya sefa 5 ce. In mai saye ya ce dala ashirin, kafin ya rufe baki ka san 100 yake nufi. Dala ɗari, 500. Dala ɗari biyu, jika guda. Ba haddace su ka yi ɗaya bayan ɗaya ba, ƙa'ida guda ce zaune a kanka: ko dala nawa aka ambata, ka ninka sau biyar. Malamin lissafi in zai rubuta wannan ƙa'ida taka, 5d kawai zai rubuta, harafin d yana riƙe wa yawan dalar wuri. Muddin ba a faɗi d ba, 5d ba shi da adadi. Da zarar an ce dala talatin, d ya zama 30, sai 5d ya zama 150.

Aikin da aka ba ɗiyarka ke nan, ba wani abu ba. An ba ta ƙa'ida, an gaya mata lambar da za ta zauna a wurin harafi, an ce ta faɗi abin da zai fito. A takardunsu da Faransanci ana kiran sa valeur numérique. Ina jaddada cewa an ba ta x ne, ba a ce ta nemo shi ba, domin wasu yaran da sun hango x sai su fara ɗaukar lambobi suna ƙetarar da su wancan gefen alamar daidai, kamar yadda ake yi in ana neman x. Wancan wani aiki ne daban. A nan zubawa kawai za a yi a lissafa.

Abubuwa biyu ke ɓoye a cikin 5d, kuma su ne tushen rikicin. Akwai alamar ninkawa tsakanin 5 da d, ba a rubuta ta, amma tana nan. Sannan d yana tsaye ne a madadin lamba ɗungurungum, da duk abin da ta zo da shi. Wata shekara ina da wani yaro a ajin 5e, aji na biyu na kwaleji, na ba su 3x na ce x = 4, ya ɗaga allonsa da 34 a rubuce. Ban ce masa komai a kan x ba. Na je kusa da tebur ɗinsa na tambaye shi da Hausa, dala huɗu sefa nawa ne. Ya ce ashirin. Na ce me ya hana ka ce 54, tunda ga 5 ga 4? Ya yi shiru ya dubi allon, ya sa gefen hannu ya goge, ya rubuta 12. Yaron ba daƙiƙi ba ne. Tun firamare an koya masa cewa in 3 ta jingina da 4 sun zama talatin da huɗu, yanzu kuma an zo masa da rubutun da jinginawa ke nufin ninkawa, ba wanda ya tsaya ya ce masa doka ta sauya.

Wannan gajeren rubutu ba da shi lissafi ya fara ba. Kalmar aljabra kanta daga al-jabr ta fito, cikin sunan littafin da Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma shi da jimloli ya rubuta lissafinsa, babu x babu alamomin nan namu. Sai a 1591 wani Bafaranshe, François Viète, ya tsara amfani da haruffa a madadin lambobi, sannan a 1637 René Descartes ya yaɗa al'adar sa x, y da z a wurin abin da ba a sani ba. Ɗaruruwan shekaru masana suka yi kafin su daidaita a kan wannan taƙaitawa. Mu kuma muna son yarinya mai shekara goma sha uku ko sha huɗu ta haɗiye ta cikin mako biyu, da harshen da ba shi take yi a gida ba.

Yadda ake yin aikin

Dokar da nake kafa wa ɗalibaina ita ce kada su lissafa komai a layin farko. Su kwafe aikin, duk inda harafi yake su cire shi su buɗe baka biyu babu komai a ciki, su kuma fito da alamar ninkawa da aka ɓoye:

A = 3 × (   )² − 5 × (   ) + 2

Sai a zuba lambar cikin kowace baka, tare da alamarta:

A = 3 × (−2)² − 5 × (−2) + 2

Yanzu ne lissafi zai fara. Ɗan ƙaramin 2 da ke bisa kafaɗar baka yana nufin a ninka abin da ke ciki sau kansa: (−2) × (−2), wato 4. Sai 3 × 4 ya ba da 12. Sai −5 × (−2) ya ba da +10. Ya rage 12 + 10 + 2, shi ne 24 na malaminta.

To me ya sa salula ta ce −4? Domin abin da kuka buga mata −2² ne, babu baka. A ƙa'idar rubutun lissafi, ɗan ƙaramin 2 ɗin nan abin da ke manne da shi kaɗai yake kamawa. In ka rubuta −2², abin da ke manne da shi 2 ne, alamar ɗebewa tana waje tana jira. Sai a yi 2 × 2 a samu 4, sannan alamar ta hau kai, ya zama −4. In kuwa ka rubuta (−2)², abin da ke manne da shi baka ce gaba ɗayanta. Kai da ke harkar albasa, ɗauki baka kamar buhu. In ɗan dako ya ɗaga buhu, duk abin da ke ciki ya ɗaga. In babu buhu, wadda hannunsa ya kama ita kaɗai zai ɗaga, sauran suna ƙasa. Takardar ta ce x², wato x sau x, kuma x ɗin −2 ne da alamarsa. Dole a sa shi a buhu kafin a ɗaga.

Ka gwada da daren nan. In na'urar lissafi ta salularka tana da baka, buga (−2)², za ka ga 4. Buga dukan layin kamar yadda na rubuta shi a sama, za ka ga 24. Kuma don ka san na'urori ba alƙalai ba ne a wannan magana, su ma kansu ba ɗaya yake ba: in ka rubuta =-2^2 a manhajar Excel ta kwamfuta, 4 za ta ba ka, alhali na'urar lissafi irin ta ɗaliban lise −4 za ta ba ka. Kowace da yadda aka tsara ta ta karanta rubutun da ba shi da baka. In ka sa baka, duk sai su haɗu a amsa ɗaya.

Akwai wata ƴar ƙararrawa da nake so ta zauna a kan kowane yaro. Duk lambar da ɗan kwaleji zai ci karo da ita, in aka ninka ta sau kanta, ba za ta taɓa faɗawa ƙasa da sifiri ba. 3 sau 3 tara ne, −3 sau −3 ma tara ne. Saboda haka in yarinya ta ga x² ɗinta ya fito da alamar ɗebewa, ba sai malami ya zo ba, ta san akwai inda ta zame.

Wanne ake fara yi?

Bayan baka, abu na biyu shi ne jerin aiki. Nan ma kasuwa ta riga ta koya maka. A ce ka sayi buhu uku, kowanne jika 12, ka biya ƴan dako jika 2. In aka rubuta 2 + 3 × 12, kai ka san jika 38 ka kashe. Yaron da ya bi daga hagu zuwa dama kamar mai karanta wasiƙa zai haɗa 2 da 3 ya samu 5, ya ninka sau 12 ya ce 60. Ko kusa ba za ka yarda a caje ka 60 ba, domin ka san 3 ɗin nan da buhu take tafe, ba ruwanta da kuɗin dako. To dokar ke nan: a fara da abin da ke cikin baka, sai ninkin lamba sau kanta, sai ninkawa da rabawa daga hagu zuwa dama, tarawa da ɗebewa su ne na ƙarshe.

Wannan aiki na ɗiyarka irinsa na sha bayarwa, har na san amsoshinsa na kuskure kamar yadda likita ya san alamun cuta. In na ga 0, na san baka ce aka manta a wurin x². In na ga 48, yaron ya fara ninka 3 da −2 ya samu −6, sannan ya ninka −6 sau kansa ya samu 36. Wato ya sa 3 cikin buhun da ba nata ba. 3x² daban, (3x)² daban. In na ga 4, yaron ya samu 12 daidai amma ya rubuta −10 a tsakiya, dokar alamomi ce ba ta zauna ba. In na ga 7, ya manta cewa 5x ninkawa ce, ya rubuta 12 − 5 − 2 + 2. In kuwa −20 ne, cuta biyu ce ta haɗu. Kowace amsa da maganinta, shi ya sa ba na son malami ya ja layi kawai ya wuce, kuma ba na son uba ya dubi makin kawai ya fara faɗa.

Tunda dokar alamomi ta shigo, bari in ɗan tsaya a kanta, ko da yake ɗiyarka ta iya ta. Yara da yawa haddace ta suke yi kamar waƙa ba su san dalili ba, ranar da waƙar ta kuɓuce musu shi ke nan. Dubi wannan jeri: −5 × 2 = −10, −5 × 1 = −5, −5 × 0 = 0. Kowane mataki amsar tana hawa da biyar. In aka ci gaba da sauka, −5 × (−1) dole ya zama 5, −5 × (−2) ya zama 10, in ba haka ba jerin ya karye. Da harshen kasuwa kuma, −2 bashin jika biyu ne a kanka. In mutum biyar da ke bin ka jika bibbiyu suka yafe maka, an cire maka bashi biyar ke nan, kuma ka san arzikinka ya ƙaru da jika goma ko da ba wanda ya miƙo maka ko dala.

Zan faɗi laifina a nan, domin mu malamai muna da hannu a wannan matsala. Shekarun farko da na fara koyarwa, a ka nake yin matakin baka. Sai in rubuta aikin a allo, in ce x = −2, layi na gaba in rubuta 12 + 10 + 2. A wurina a bayyane yake. Yaran kuwa abin da suka gani a allo shi suke kwafa, matakin da ya tsaya a kaina bai taɓa isa kayensu ba. Sai da na zauna wata rana da tarin takardun jarrabawa, na ga kuskure iri ɗaya yana ta maimaituwa har a wurin waɗanda ke zama a gaba suna ɗaga hannu, sannan na gane daga wurina abin ya fito. Tun daga nan na sauya. Yanzu nakan rubuta aikin da farin alli, in sa yatsa in goge x a gabansu, in zana baka da alli mai launi a gurbin, in kira ɗaya daga cikinsu ya zo ya rubuta lambar a ciki. Yana cin lokaci, amma a takardunsu nake ganin ribarsa.

Inda baka take ɓuya kuma

Nan gaba kaɗan za ta haɗu da aiki mai sama da ƙasa, kamar a rubuta x + 6 bisa layi, x − 2 ƙarƙashinsa. Layin nan na tsakiya shi ma buhu ne, har biyu: na sama daban, na ƙasa daban. In x = 4, sama 10, ƙasa 2, amsa 5. Amma in ta buga 4 + 6 ÷ 4 − 2 a salula ba baka, 3,5 za ta gani, ta sake zuwa tana cewa na'ura ta goyi bayanta. Sai ta buga (4 + 6) ÷ (4 − 2). Kuma a irin wannan aiki akwai lambar da ba ta zubuwa sam. In x = 2, ƙasa ya zama sifiri, kuma ba a raba abu da sifiri: 8 ÷ 0 na nufin a nemo lambar da in an ninka ta da 0 za ta ba da 8, babu ita. A nan amsar daidai ita ce a ce aikin ba shi da ƙima a x = 2. Yara kan rubuta 0 don kada su bar wurin fanko, wannan kuskure ne.

In haruffa biyu ne, kamar a da b, kowanne da bakarsa, kuma harafi ɗaya lamba ɗaya yake ɗauka daga farkon aikin har ƙarshe. Wannan ba ya ba su wuya sosai.

Wata tambaya da ɗalibai ke yi mini ita ce ko su fara taƙaita aikin kafin su zuba lamba. Misali 7x − 4x + 2x, in x = 37. Wanda ya zuba kai tsaye zai yi 259 − 148 + 74 ya samu 185. Wanda ya lura cewa duka 5x ne, ninkawa ɗaya zai yi ya samu 185 ɗin. Hanya ta biyu ta fi sauri, ba shakka. Amma ra'ayina shi ne, yaron da hannunsa bai nuna ba ya zuba kai tsaye, domin taƙaitawa ita ma wuri ce na yin kuskure, kuma kuskuren da aka yi a can zai bi shi har ƙasa. In ya ƙware, sai ya taƙaita, ya kuma riƙa gwada taƙaitawar tasa da lamba.

A nan ne ma nake ganin babban amfanin wannan darasi, wanda ba a cika gaya wa yara ba. Zuba lamba shi ne ma'aunin da ɗalibi zai duba aikinsa da kansa a ɗakin jarrabawa, inda ba mai tambaya. A ajin 3e, shekarar BEPC, jarrabawar gama kwaleji, za a ce mata wannan A ɗin dai ana iya rubuta shi (3x − 2)(x − 1). Ta yaya za ta tabbatar ba ta kauce ba? Ta zuba −2: baka ta farko −8, ta biyu −3, ninkinsu 24. Ya yi daidai da na farko. Haka kuma yaron da ya rubuta cewa (x + 3)² daidai yake da x² + 9, kuskuren da ba shekarar da ba na ganin sa, da zai zuba 1 zai ga 16 a gefe guda, 10 a ɗaya gefen, ya san ya ɓata. Sai dai a kula da iyakar ma'aunin. In lamba ɗaya ta saɓa, magana ta ƙare, rubutun biyu ba ɗaya ba ne. In ta dace, bai zama hujja ba tukuna, domin x² da 2x ma sun dace in x = 2 ko x = 0, alhali a 3 ɗaya tara ne ɗaya shida. Shi ya sa nake ce musu kada su dogara da 0, 1 ko 2 wajen gwaji, su ɗauki irin su 3 ko −2.

Abin da za ka iya yi a gida

Ba sai ka koyi aljabra ba. Ka samo kwali, ta rubuta aikin da manyan baƙaƙe, da baka fanko a gurbin kowane x. Ta yanka ƙananan takardu bibbiyu, ta rubuta lambobi a kai, kowace da alamarta a takarda ɗaya. Kai ne za ka riƙa zaɓar lamba, ita tana ɗora takardun cikin baka tana lissafawa a kaye, layi bayan layi, mataki ɗaya a kowane layi. Amfanin ƴar takardar shi ne alama da lamba ba sa rabuwa, hannunta da kansa zai koya mata cewa −2 abu ɗaya ne. Ga amsoshin wannan A ɗin ka ajiye a wurinka: in x = 0, A = 2; in 1 ne, 0; in 2 ne, 4; in 3 ne, 14; in −1 ne, 10; in −2 ne, 24. Ku fara da masu sauƙin, kada ku yi tsalle zuwa masu alamar ɗebewa ranar farko. Minti goma sha biyar bayan sallar magariba sun isa, in dai ana yi a kai a kai.

Ka kuma sa ta yi maka bayani da Hausa, kamar kai ne ɗalibin. In ta ce "haka ake yi", ka ce me ya sa. Inda bakinta ya tsaya, nan ne ba ta gane ba, kuma nan za ta tambayi malaminta washegari.

Abin da ya fi duka a ganina shi ne ka jawo ta cikin lissafin kasuwarka. A ce ribar kowane buhu jika 3 ce, kuɗin mota da dako na tafiyar kuma jika 18. Ta rubuta ƙa'idar da kanta: 3n − 18, n shi ne yawan buhun da aka sayar. Buhu goma, riba jika 12. Buhu shida, an tashi ba riba ba faɗuwa. Buhu huɗu, −6, kuma ba sai an yi wa ɗiyar ɗan kasuwa bayanin abin da −6 ke nufi ba. Ka sa mata farashinka na gaskiya a madadin nawa na misali.

Game da malamin, ka je ka gaishe shi da kayen a hannu, ba da ƙorafi ba. Tambaye shi ko ta rubuta matakai ko amsa kawai ta ajiye. Ni a ajina, yaron da ya rubuta layin zubawa da layin lissafi yakan samu wani abu ko da amsar ƙarshe ta kauce, wanda kuwa ya rubuta 0 tsurarsa ba ni da abin da zan kama in ba shi. Kowane malami da yadda yake raba makinsa, wannan ba zan yanke masa hukunci daga Yamai ba. Ka kuma tambaya a ina take zama. Ɗan ƙaramin 2 da ƴar alamar ɗebewa su ne mafi ƙanƙanta a allo, kuma a aji mai cunkoso, in allon ya koɗe, na baya sau da yawa ba sa ganin su. Na taɓa samun yarinyar da na ɗauka lissafi ne ke ba ta wuya, ashe idonta ne. Da aka dawo da ita layin gaba, kwafinta ya gyaru.

Duk abin da na faɗa a kan aiki ɗaya na gina shi, kuma aiki ɗaya ba ya isa a san ɗalibi. In kun yi mako biyu da kwalin nan kuka ga har yanzu tana tuntuɓe a irin −3 − 5 ko −7 + 4, to matsalar ta girmi baka, sai an koma darasin lambobi masu alama na ajin 5e an sake gini, kuma wannan aiki ne na wanda zai zauna kusa da ita yana kallon hannunta. Amma yadda ta samu +10 ɗin nan a tsakiya, ban zaci za a kai can ba.

In ta huce, ba ta wannan A ɗin ka ce x = −3, kada ka ce mata komai. In ta kawo maka 44, baka ta zauna. In ta kawo −10, ku koma kan kwali.